Sabon Fulogi a Tsohon Injin Juyi: Mas'alar Tsawo, Zafi da Ƙarfin Wuta

Daga cikin mas'alolin da ma'abota tsofaffin motoci suke yawan saɓani a kansu, musamman a Japan da Amurka da Ostireliya inda motocin Mazda masu injin juyi suka fi yaɗuwa, akwai wata wadda mai hange daga nesa zai ɗauke ta ƙarama, alhali kuwa lafiyar inji ɗungurungum tana iya rataya a kanta. Mas'alar ita ce, shin ya dace mutum ya ɗauki fulogin zamani, irin mai bakin iridiyam wanda aka ƙera domin motocin bayan shekarar 2000, ya ɗaura shi a injin da aka zuba tun shekarun 1970 ko 1980? Wasu sun tafi a kan cewa duk abin da ya zo daga baya ya fi na farko inganci, saboda haka babu abin jira. Wasu kuma sun tsaya a kan cewa wanda ya ƙera inji shi ya fi kowa sanin abin da ya dace da shi, don haka duk wanda ya kauce wa littafin mota ya kama hanyar nadama. Ni dai abin da na fahimta shi ne kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya, kuma ba za a iya yanke hukunci tsakaninsu ba sai an san irin wahalar da fulogi yake sha a cikin wannan inji, wadda ta saɓa wa ta kowane inji da muka saba gani a garejinmu.

Injin da muka sani, irin na Fijo 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, yana aiki ne da fistan mai hawa da sauka a cikin silinda, da bawul masu buɗewa da rufewa, da karanshaf mai mayar da wannan kai-komo ya zama juyi. Amma wani Bajamushe mai suna Felix Wankel, wanda aka haifa a 1902 ya rasu a 1988, ya ƙudurta a ransa tun yana matashi cewa za a iya samun juyi kai tsaye ba tare da wannan kai-komo ba, ya kuwa yi ta bin wannan tunani shekara da shekaru, har injinsa na farko ya tashi a masana'antar NSU da ke Neckarsulm a farkon 1957. A cikin injin da ya samo asali daga wannan aiki babu fistan, babu bawul. Abin da ke ciki wani dunƙulen ƙarfe ne mai kusurwa uku, wanda gefunansa suka ɗan kumbura, ana kiransa rota, yana juyawa a cikin wani gida mai siffar kwanson gyaɗa wanda ƙugunsa bai matse sosai ba. Kusurwoyin nan uku kuma ba sa rabuwa da bangon gidan daidai da ƙiftawar ido, ta yadda kullum akwai ɗakuna uku tsakanin rota da bango, kowane ɗaki yana faɗaɗa yana tsukewa gwargwadon juyawar rota. A gefe guda na gidan ake shaƙar iska da fetur, a matse su, a ɗaya gefen a kunna musu wuta, sa'an nan hayaƙi ya fita ta wata kafa. A kan kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe mai goge bango, wanda shi ne yake hana iskar wannan ɗaki tsallakawa zuwa wancan, matsayinsa matsayin ringi ne a injin fistan. Za mu kira shi sil ɗin kusurwa, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe shi a zuciya, domin kusan duk abin da za a faɗa game da fulogi yana komawa ne ga kiyaye wannan ɗan ƙarfe.

Kamfanin NSU ya fitar da mota mai wannan inji a 1964, ya bi ta da Ro 80 a 1967, amma saurin cinyewar sil ɗin kusurwa ya jawo masa asara mai nauyi. Wanda ya jure shi ne kamfanin Toyo Kogyo na Hiroshima, wato Mazda, wanda ya sayi izinin ƙera injin a 1961, ya ɗora injiniya Kenichi Yamamoto a kan aikin, ya fitar da Cosmo Sport a 1967, sa'an nan RX-2 da RX-3 da RX-4 a farkon shekarun 1970, da RX-7, wadda aka yi zubi uku, daga 1978 zuwa 2002, da RX-8 daga 2003 zuwa 2012. Injunan da maganarmu ta fi shafa su ne 12A da 13B, kowanne mai rota biyu.

To, mene ne ya bambanta rayuwar fulogi a nan? Abu na farko shi ne yawan aiki. A injin fistan mai bugu huɗu, fulogi yana kunna wuta sau ɗaya ne a cikin kowane juyi biyu na karanshaf, alhali a injin juyi, da yake fuskokin rota uku suna zuwa gabansa ɗaya bayan ɗaya, kuma sandar tsakiyar injin tana juyawa sau uku kafin rota ya kammala zagaye guda, wajibi ne ya kunna wuta a kowane juyi. Wato idan inji yana gudu 3,000 a minti, fulogin fistan ya yi aiki sau 1,500, na juyi kuwa ya yi sau 3,000, ga shi kuma injin juyi ma'abocin gudu ne, har na RX-8 yana kaiwa 9,000. Abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farko tsanani, shi ne rashin hutu daga zafi. Fulogin fistan, bayan kowace gobara, yana samun sanyayyar iska da fetur su wuce ta kansa lokacin shaƙa, su rage masa raɗaɗi. Amma a injin juyi wurin shaƙa daban, wurin ƙonewa daban, fulogi kuwa an dasa shi ne a ɓangaren da wuta ba ta ƙaurace masa, ta yadda cakuɗen da zai iso gare shi ya riga ya matsu ya yi zafi kafin ya iso. Abu na uku kuma kishiyar na biyu ne, kuma a nan ne mas'alar take rikicewa: injin juyi yana shan baƙin mai da gangan, domin akwai wani ɗan famfo da aka sanya musamman yana ɗiga mai a cikin ɗakin ƙonewa saboda sil ɗin kusurwa ya sami santsi, ga kuma fetur mai yawa da yake buƙata lokacin da yake da sanyi, kuma waɗannan biyu su ne suke lulluɓe bakin fulogi da baƙin ƙunci har tartsatsi ya kasa tsallakawa. Ke nan ana buƙatar fulogin da zai jure zafin da zai narkar da waninsa idan ana gudu, kuma ya riƙe zafin da zai ƙone dattin kansa idan ana tafiyar cikin gari, waɗannan kuwa buƙatu ne biyu masu jan juna zuwa fuskoki mabambanta.

Sa'an nan ɗakin ƙonewar kansa dogo ne, siriri, kuma tafiya yake yi, iskar da ke cikinsa tana kwarara zuwa gaba bisa juyawar rota, ta yadda harshen wuta yana saurin bin ta gaba amma yana wahalar komawa baya. Domin haka Mazda ta sanya fulogi biyu ga kowane rota. Na ƙasa, wanda aka hatimce harafin L kusa da raminsa, shi ne jagora, shi yake fara kunnawa kuma shi yake ɗauke da mafi yawan aikin. Na sama, mai harafin T, shi ne mabiyi, yana kunnawa jim kaɗan bayan na farko domin ya cinye abin da ya saura a wutsiyar ɗakin. Motar tseren Mazda 787B, wadda ta ci gasar sa'o'i 24 ta Le Mans a Faransa a 1991, fulogi uku-uku aka sanya wa kowane ɗaya daga rotocinta huɗu, saboda wannan illa ɗin dai.

Akwai hikima a yadda aka huda ramukan nan biyu wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Da yake sil ɗin kusurwa yana share bangon gida baki ɗaya, ba shi yiwuwa bakin fulogi ya leƙo cikin ɗaki kamar yadda yake yi a injin fistan. Dole ya noƙe a bayan bango, wutarsa ta fito ta wata kafa. A daidai lokacin da sil yake ƙetare wannan kafa, ɗakin gaba da na baya suna samun hanyar sadarwa ta cikinta na ɗan lokaci. A wurin da jagora yake, matsin ɗakunan biyu ya kusan daidaita a wannan lokaci, saboda haka ba a jin tsoron yoyo, aka bar kafarsa da faɗi. Amma a wurin mabiyi bambancin matsi yana da girma, shi ya sa aka tsuke kafarsa ta zama 'yar ƙaramar huda, fulogin yana zaune a bayanta a cikin wani ɗan aljihu. Wanda ya fahimci wannan zai gane da kansa cewa tsawon fulogi a wannan inji ba abin da ake kimantawa da ido ba ne, kuma zai gane dalilin da ya sa fulogin motar fistan mai dogon hanci ya zama haramtacce a nan haramci na yanke, ko da zarensa ya shiga ramin lami lafiya, kasancewar faɗin zaren milimita 14 ne kamar na motoci da yawa.

Fulogin da aka yi wa waɗannan injuna ya yi ta sauyawa tare da su. A RX-7 ta farko, a shekarun farko na 1980, abin da aka saba ɗaurawa shi ne fulogin kamfanin NGK mai lamba BR8EQ-14, mai ƙafafu huɗu kewaye da sandar tsakiya, domin cinyewar da yawan tartsatsi yake haddasawa ta rarrabu a kan huɗu maimakon ta taru a kan ɗaya. Da aka shiga RX-7 ta biyu aka koma ga BUR7EQ a jagora da BUR9EQ a mabiyi, waɗanda bakinsu a shafe yake, tartsatsi yana bin fuskar tangaran ɗin fulogin yana ƙone dattin da ya kwanta a kai. Ta uku kuma ta zo da irinsu masu filatinam, BUR7EQP da BUR9EQP. Daga ƙarshe RX-8 ta zo da RE7C-L da RE9B-T, masu siririn baki na iridiyam, kuma su ne sababbin da ake ta muhawara a kansu. Fa'idar iridiyam a fili take: ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400 a ma'aunin Salsiyas, alhali filatinam yana narkewa wajen 1,770, nikel kuwa wajen 1,450, saboda wannan juriya ake iya sirantar da bakin ya koma ƙasa da milimita guda ba tare da ya cinye da wuri ba, siririn baki kuwa yana tara ƙarfin lantarki wuri ɗaya, sai tartsatsi ya tsallaka da ƙarancin wahala, kuma ƙarfen da ke kewaye da ƙwayar wutar bai da yawan da zai tsotse mata zafi tun tana jaririya.

Hujjar masu son sabo ke nan, kuma hujja ce mai ƙarfi. Ƙiyasi suke yi: injin RX-8 zuriyar 13B ne, faɗin rota ɗaya, girman ɗaki ɗaya, cc 654 ga kowane rota, to abin da ya amfani ɗa me zai hana ya amfani uba? Sai dai malamanmu na usulu sun koyar da mu cewa ƙiyasi ba ya inganta sai reshe da asali sun haɗu a kan illar hukunci, idan kuwa aka sami wani bambanci mai tasiri a tsakaninsu, to ƙiyasin ya rushe ko da kamannin waje sun yi yawa. Bambancin da yake da tasiri a nan, kafin kowane, shi ne tsawon zare, wanda shi ne sharaɗi na farko.

Fulogan RX-7 ta biyu da ta uku tsawon zarensu ɗaya ne a jagora da mabiyi, milimita 21.5, abin da ya raba su shi ne darajar zafi kawai. Na RX-8 kuwa ba haka suke ba: jagora milimita 21 ne, mabiyi kuma 19, domin an sake fasalin ramin sama a gidan rotan wannan mota. Daga wannan ɗan bambanci hukunce-hukunce uku suke fita. Jagoran RX-8 a ramin jagora na tsohon 13B ya kusan daidai, rabin milimita ne ya rage, shi ya sa mafi yawan waɗanda suka jarraba sabon fulogi suka yaba, a wannan rami suka jarraba shi. Ga shi kuma ramin ƙasa ne, inda fetur da mai suke gangarowa su taru idan inji ya sha ya ƙoshi bai tashi ba, saboda haka nan ne aka fi buƙatar fulogi mai saurin kamawa, kuma bakin RE7C-L an yi masa tsage-tsage da suke taimaka wa ruwan fetur ya tsiyaye. Mabiyin RX-8 a ramin mabiyi na tsohon inji kuwa gajere ne da milimita biyu da rabi. Ba zai taɓa komai ba, amma zai zauna nesa da hudar da wutarsa za ta bi, aljihun da ke gabansa ya ƙara girma, sauran zaren ramin da bai rufe ba ya zama matattarar gawayi, wanda yana iya yin ja ya kunna fetur kafin lokaci, kuma ranar da aka so komawa ga dogon fulogi sai a tarar da zaren ya toshe. Na uku, wanda ya fi duka muni, shi ne akasin haka, wato a ɗaura dogon fulogi a gajeren rami, kamar wanda ya sa tsohon fulogi ko jagoran RX-8 a ramin saman RX-8: bakinsa zai tokare ƙasan ramin kafin wuyansa ya zauna, mai ɗauri kuma yana jin tauri ya ƙara ƙarfi, sai bangon ya kumburo ta ciki daidai inda sil ɗin kusurwa yake wucewa sau dubbai a minti. Gidan rota alminiyam ne da aka yi wa rufin ƙarfe mai santsi ta ciki, ba a gyara shi da fayil, kuma na tsofaffin injuna irin 12A samunsa sabo ya yi wuya ƙwarai. Ina ganin babban abin takaici ne inji ya rayu shekara arba'in a hannun masu kula, sa'an nan ya mutu a yini ɗaya saboda milimita biyu da ba a auna ba.

Game da injunan da suka girmi waɗannan, na shekarun 1970 da farkon 1980, nasihata ita ce kada a dogara da abin da aka ji daga bakin wani, domin a tsawon shekarun nan injuna da yawa an sake haɗa su da gidajen rota na wata shekara daban, har ya zama lambar da ke jikin mota ba ta ba da labarin abin da ke cikinta. A ciro tsohon fulogi, a ajiye shi kusa da sabo, a auna daga wuya zuwa baki da ma'aunin bakanike, a kuma auna zurfin ramin kansa. Haka nan a wasu gidajen akwai wani tudu da aka zuba kewaye da bakin ramin, wanda yake hana soket na yau da kullum kama fulogin da ba na wannan inji ba. Wanda ya ga soket ɗinsa ya ƙi shiga, to ya tsaya ya tambayi kansa dalili kafin ya nemi mai sirara ko ya ɗauko abin gurzawa, domin tudun nan gargaɗi ne daga waɗanda suka ƙera injin.

Sharaɗi na biyu shi ne darajar zafi, wato saurin da fulogi yake miƙa zafin bakinsa ga jikin inji. Bakin fulogi yana son ya zauna tsakanin digiri 500 da 800 ko kusa da haka: idan ya gaza, datti ya rufe shi, idan ya zarce da yawa, shi kansa ya zama garwashi yana kunna fetur kafin tartsatsi ya zo. A lissafin NGK, gwargwadon girman lamba gwargwadon sanyin fulogi, saboda haka 9 ya fi 7 sanyi, kuma an ba mabiyi mai sanyin ne domin yana zaune cikin aljihun da iska ba ta ratsa shi sosai. A kula, lissafin kamfanin Bosch a juye yake, ƙaramar lamba ce mai sanyi, kuma lambobin kamfani ɗaya ba sa fassara na wani kai tsaye. Abin da mutane da yawa suke jahilta shi ne iridiyam bai canza wannan hukunci ba ko kaɗan. Darajar zafi tana fitowa ne daga tsawon hancin tangaran da hanyar da zafi yake bi ya fita, ƙarfen baki kuwa aikinsa daban. Inji marar tobo, wanda aka bar shi yadda ya fito, lamba 7 a jagora ta wadatar da shi. Amma mai tobo da aka ƙara wa matsi, ko wanda aka faɗaɗa wa kafofin shaƙa domin tsere, masu shi sukan koma 9 a duk ramuka huɗu, wasu har 10 ko fiye, domin a injin fistan ƙarar ƙonewar da ba ta kan lokaci takan ba da gargaɗi kafin ta yi ɓarna, a injin juyi kuwa bugu kaɗan sun isa su karya sil ɗin kusurwa, gutsuren ya bi ya kakkarce rota da gida, wani lokaci har ya faɗa cikin tobo. Idan aka rasa yaƙini tsakanin lambobi biyu, a karkata ga mai sanyi, saboda mafi munin abin da zai jawo shi ne datti, datti kuwa ana ciro fulogi a canza.

Sharaɗi na uku ƙarfin wutar da ke zuwa ne daga kwayil, kuma a nan ne sabon fulogi ya fi samun lada. Motocin farko suna da distirbita biyu, ɗaya na jagorori ɗaya na mabiya, daga baya aka haɗe su wuri ɗaya. Suna aiki da kwantak har zuwa ƙarshen shekarun 1970, sa'an nan aka koma na lantarki, daga RX-7 ta biyu kuma aka bar distirbita baki ɗaya. A ta biyu da ta uku kwayil ɗaya ne yake ciyar da jagorori biyu a lokaci guda, ta yadda kowane jagora yana tartsatsi sau biyu a juyi ɗaya, ɗaya na aiki ɗaya na banza, wannan kuwa yana ninka cinyewarsa. Tsohon tsari mai rauni, wanda yake fama kafin ya tsallakar da wuta a tazarar milimita 1.4 ta fulogi mai ƙafa huɗu da ya fara cinyewa, yana samun sauƙi idan aka ba shi siririn baki, kuma alamar hakan takan bayyana a tashin safe da daidaituwar inji yana tsaye. Amma ƙarin ƙarfin gudu da wasu suke kwaɗayi, wannan kada a sa rai da shi. Idan tsohon fulogi yana kunna kowane ɗaki a kan lokaci, sabo ba shi da wani abin da zai ƙara, kuma mafi yawan bambancin da mutum yake ji ranar da ya canza, bambanci ne tsakanin gajiyayye da lafiyayye, wanda zai ji irinsa ko da tsohon samfuri ya saya sabo.

Haka kuma fulogi ba ya warkar da cutar da ba tasa ba. Injin da sil ɗinsa suka cinye, matsinsa ya ragu, alamarsa ita ce ya tashi da sanyi amma ya ƙi tashi idan ya yi zafi, kuma zai jiƙa fulogin iridiyam kamar yadda ya jiƙa na nikel, sai dai asarar ta fi yawa domin kuɗinsa ya ninka na wancan sau da yawa. Kafireta mai zubar da fetur, da wayoyin da suka tsufa suna yoyon wuta, da kwayil mai rauni, da tayimin da ya goce, duk wajibi ne a gyara su tukuna. Akwai kuma ɗabi'ar mai mota: tayar da injin juyi da sanyi, a matsar da mota taku kaɗan a kashe, ita ce hanya mafi sauri ta shaƙe shi da fetur, kuma injin yana son a riƙa sake masa linzami lokaci-lokaci bayan ya ɗumama, domin gawayin ciki ya ƙone. Wanda bai gyara wannan ɗabi'a ba, israfi yake yi da kuɗin fulogi.

A ƙasashenmu wannan inji baƙo ne, sai jefi-jefi ake ganin RX-8 cikin motocin da ake shigowa da su na hannu, kuma haɗarin da na fi ji wa mai irin wannan mota shi ne ya je wurin mai kayan gyara a miƙo masa fulogin da zarensa ya yi daidai a ce masa ai duk ɗaya ne. Ga kuma jabun kaya, wanda kamfanin NGK da kansa ya sha yin gargaɗi a kansa, kuma fulogi mai tsada shi ne wanda masu jabu suka fi kwaikwaya. Bakin jabu idan ya narke ko ya ɓalle a cikin injin juyi ba shi da wurin zuwa sai ƙarƙashin sil. Amana ce a wuyan bakanike, idan aka kawo masa injin da bai taɓa buɗe irinsa ba, ya nemi littafinsa ya karanta lambar fulogi harafi bayan harafi, ya kuma gaya wa mai mota gaskiya idan abin da ake buƙata babu shi a kasuwa, a yi haƙuri a aiko da shi.

Ra'ayin da na rinjayar, bayan duk wannan, shi ne tsohon inji mai lafiya wanda yake tashi ba gardama, a bar shi da fulogin da littafinsa ya ambata ko wanda kamfanin fulogi ya ayyana a madadinsa, a riƙa canzawa a kan kari, domin ko na iridiyam ɗin ma a RX-8 wajen kilomita 60,000 aka ƙayyade masa, masu kula kuwa ba sa bari ya kai haka. Wanda kuma motarsa take yawan zama, ko take yawan gajeriyar tafiya har jagororinta suna baƙi, babu laifi ya jarraba jagoran iridiyam na injin juyi a ramukan ƙasa bayan ya auna, ya bar ramukan sama da mabiyi mai cikakken tsawonsu.

Idan za a ɗaura, a bari inji ya huce sarai, domin zaren alminiyam mai zafi yana saurin tsinkewa. A fara murzawa da yatsu har wuya ya zauna kafin a kawo sufana, a ɗaure gwargwadon awon da littafi ya faɗa, wanda bai kai yadda hannun da ya saba da manyan motoci yake zato ba. Kada a goge bakin iridiyam da burushin ƙarfe, kada kuma a sa wani abu a tsakani a ce za a gyara tazararsa. A canza waya ɗaya bayan ɗaya, a tabbata ta L ta koma L, ta T ta koma T, ta rotan gaba ba ta tafi na baya ba, domin musanya su yana sa wuta ta zo a lokacin da ba nata ba. Bayan an yi tafiyar 'yan kwanaki wadda ta haɗa cikin gari da babbar hanya, a sake ciro su huɗun a jera bisa tsarin ramukansu a duba: tangaran mai launin ƙasa-ƙasa alamar dacewa ce, baƙi mai laushi ko jiƙaƙƙe yana nuna fetur ya yi yawa, ko wuta ta yi rauni, ko fulogin ya cika sanyi, fari fat mai ƙuraje, ko bakin da ya fara narkewa, yana nuna zafi ya wuce kima, kuma a wannan hali ba a ƙara tuƙa motar sai an koma lamba mai sanyi an kuma binciki tayimin da yawan fetur. Idan kuwa fulogan rota ɗaya suka fita daban da na ɗayan, to maganar ta bar hannun fulogi, sai a auna matsin wannan rota a ga ko fuskokinsa uku suna bugawa daidai da juna.